An kwashe kayan gida saboda bashin miji ko na mata: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda aka shiga gidansu aka ɗebi kaya a kan bashin da ba su suka ci ba. Mata ne suka fi yin su, shi ya sa yawancin amsoshin ke magana da mace, amma galibi hukuncin ɗaya ne idan matar ake bi, kayan mijin aka ɗauka. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka inda aka ambaci wata ƙasa, misali ne na yadda ake yi a can.

1. Bashin mijina ya hau kaina ne don kawai muna zaman aure?

A mafi yawan wurare bai hau ba. Bashi na wanda ya ci ne, ko wanda ya tsaya masa. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce tun daga sadakinta har abin da ta gada ko ta nema da hannunta, aure ba ya haɗe ta da ta miji. Ingila ta daɗe ba ta kan wannan tsari, sai a 1882 aka yi dokar da ta bai wa matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta, kuma ƙasashe da dama da suka gaji dokokin Ingila sun bi sahu.

Sai dai akwai ƙasashen da aure ke haɗa dukiya. A Faransa, ma'auratan da ba su rubuta wata yarjejeniya ba, abin da suka samu bayan aure na su biyu ne, abin da kowa ya zo da shi ko ya gada kuma nasa ne. A Afirka ta Kudu haɗin ya fi haka faɗi, har da abin da aka mallaka kafin aure. A Amurka jihohi tara ne ke kan tsarin haɗa dukiyar aure, ciki har da Kalifoniya da Tekzas. A irin waɗannan wurare mai bin bashi na iya kaiwa ga dukiyar haɗaka ko da mutum ɗaya ne ya ci bashin. Don haka abu na farko da za ki sani shi ne a kan wane tsari aurenku yake. Akwai kuma bashin da ke hawa kan mutum biyu ko a ina, duba tambaya ta 11.

2. To tunda ba ni ake bi ba, me ya sa aka ɗauki kayana?

Saboda ma'aikacin kotu da abin da ya gani yake aiki. Ya zo gidan da wanda ake bi bashi yake kwana, ya tarar da talabijin da firij da kujeru, babu sunan kowa a jikinsu. Doka a kusan ko'ina tana ɗaukar abin da ke hannun mutum a matsayin nasa har sai an nuna akasin haka, gidan aure kuwa komai na hannun mutum biyu a lokaci guda. Ba aikinsa ba ne ya zauna ya yi shari'a a tsakar gida.

Jamus ta fito fili ta rubuta wannan a sashe na 1362 na kundin dokokinta na farar hula: kayan da ke hannun ma'aurata, ana ɗaukarsu na wanda ake bi ne, don amfanin masu bin bashi. An cire abin da mutum ɗaya kaɗai ke amfani da shi, kamar tufafi da kayan ado, wannan ana ɗaukarsa na mai amfani da shi. Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Da ba haka ba, duk magidancin da aka zo wa sai ya ce komai na uwargida ne, ita ma ranar da aka zo mata ta ce komai na maigida ne. Abin da wannan ke jawowa dai shi ne nauyin kawo hujja ya koma kan wadda ba ta ci bashin kowa ba, kuma a wurare da dama 'yan kwanaki ne kawai take da su ta kawo.

3. Mai bin bashi yana da ikon ya zo da kansa ya kwashe kaya?

Ba shi da shi. Sai ya kai ƙara, kotu ta tabbatar da bashin, sannan ta ba da takardar zartar da hukunci ga ma'aikacin da doka ta ɗora wa wannan aiki. Wanda ya ɗebo ƙarti ya shiga gidan mutane ya ɗauki kaya, ko da bashinsa gaskiya ne, ya buɗe wa kansa wata shari'ar daban. Haka kamfanonin karɓar bashi masu aiko da wasiƙun barazana, ba kotu ba ne. Inda ake samun bambanci shi ne kayan da aka bayar jingina da rubutacciyar yarjejeniya, da wasu hukumomin haraji da doka ta ba su hanyarsu ta musamman.

4. Ga su a ƙofar gida yanzu. Me zan yi?

Ki nemi ganin takardar kotu da shaidar aikin wanda ya zo. Ki duba sunan wanda ake bi, sunan kotun, lambar shari'ar da adadin kuɗin. Ki ɗauki hoton takardar da wayarki. Duk abin da aka taɓa wanda naki ne, ki faɗa a gaban kowa cewa naki ne, ki kuma nemi a rubuta hakan a jikin jerin kayan da ake yi. Ki karɓi kwafin jerin kafin su tafi, ki tabbata an rubuta kowane abu da irinsa da halin da yake ciki, don kada sabon abu ya koma tsoho a takarda.

Kada ki tare ƙofa, kada ki yi kokawa da kowa, kada ki fizge kaya. Hana ma'aikacin kotu aikinsa laifi ne mai zaman kansa, kuma yana ɓata miki shari'ar da kike da gaskiya a cikinta. Kada kuma ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba. Wani lokaci ana barin kayan a gida bisa sharaɗin wanda ake bi zai riƙa biya, kuma takardar da ake sa wa hannu tana iya ɗauke da amincewa cewa kayan da aka lissafa nasa ne.

5. An riga an tafi da kayan. Ta wace hanya zan dawo da su?

Kowace doka tana da ƙofar da wanda ba ya cikin shari'ar zai shigo ya ce kayan nan nawa ne. Matakin farko kusan iri ɗaya ne: rubutacciyar sanarwa zuwa ga ofishin da ya kwashe kayan, da sunanki da adireshinki, da jerin abin da kike iƙirari ɗaya bayan ɗaya, da dalilin da ya sa kowanne naki ne. Ofishin zai sanar da mai bin bashi. In ya amince, a sakar miki kayan. In ya musa, sai a kai gaban alƙali, ke ce mai da'awa, shi ne mai kare kansa.

Lokaci ne babban abin tsoro a nan. A Ingila kwana 7 aka bayar daga ranar da aka ɗauke kayan a miƙa sanarwar, shi ma mai bin bashi kwana 7 ya amsa, kuma kotu na iya neman mai iƙirarin ya ajiye kuɗi daidai ƙimar kayan kafin a saurare shi. A Nijeriya dokar zartar da hukuncin kotu ta hana a sayar da kaya kafin kwana 5 su wuce, in ba masu lalacewa ba ne, sashe na 34 kuma shi ya tanadi yadda ake sauraron mai iƙirari. A ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ciki har da Nijar, Kamaru da Cadi, ƙarar cire kaya daga cikin waɗanda aka kama ana karɓarta ne kafin a sayar. Don haka duk wadda ta tsaya jiran a gama sulhun dangi, ko jiran maigida ya samo kuɗi, tana iya farkawa an yi gwanjo. A yi sulhun, amma takardar ta riga shiga. Tare da ita a roƙi kotu ta dakatar da sayarwa har a yanke hukunci, don ba ko'ina ne miƙa iƙirari kaɗai ke tsayar da gwanjo ba.

6. Wace irin hujja ce kotu ke karɓa?

Mafi ƙarfi ita ce wadda ta haɗa abu uku: sunanki, ainihin kayan, da ranar da ta gabaci rikicin. Rasit mai sunanki da lambar jikin na'urar ya fi rasit da aka rubuta "talabijin ɗaya" kawai. Bayanan banki da ke nuna kuɗin sun fita daga asusunki zuwa wurin mai sayarwa suna da nauyi ƙwarai, domin ba a iya ƙirƙirarsu daga baya. Akwai takardar garanti, takardar rajistar mota, takardar inshora, takardar rabon gado, saƙon da kamfani ya turo lokacin da aka kawo kayan.

Alƙali yakan yi tambaya ta biyu da mutane ba sa shirya mata: da wane kuɗi kika saya? Rasit yana nuna wanda ya je kanti, ba lallai ya nuna mai kuɗin ba. Mace mai albashi ko sana'a ta zo da abin da ke nuna samunta a wancan lokacin. Wadda iyayenta ko 'yan'uwanta suka saya mata, su zo su faɗa da bakinsu. Rasit da aka je aka rubuto bayan an kwashe kaya, a sa masa tsohuwar rana, shi ne hanya mafi sauri ta rasa har abin da gaskiya naki ne, ban da hukuncin jabu da rantsuwar ƙarya.

7. Ba ni da rasit ko ɗaya. Shi ke nan na rasa?

Ba ki rasa ba. Mutane ƙalilan ne ke ajiye takardar kujerar da suka saya shekara goma baya, alƙalai ma sun san haka. Hotunan da aka ɗauka a ɗakinki kafin aure ko a farkonsa, wanda kayan suka fito a ciki, hujja ne. Mai kantin da ya sayar miki yana iya duba littafinsa. Kafintan da ya yi gadon, direban da ya ɗauko kayan, maƙwabciyar da aka yi cinikin a gabanta, duk shaidu ne. Ki haɗa da takardar rantsuwa da ke bayyana tarihin kowane abu: yaushe, a ina, daga wa.

Shaidar mijin da ake bi bashi ana saurarenta, amma ba ta da nauyi sosai, tunda shi ma zai ci gaba da zama a kan kujerar in an dawo da ita. Shaida ɗaya daga wanda ba shi da abin da zai samu ta fi ta 'yan gida uku.

8. Me malaman fiƙihu suka ce a kan kayan gida idan aka rasa mai su?

Sun tattauna mas'alar tun da daɗewa, a babin saɓanin miji da mata kan kayan ɗaka. Asalin ƙa'idar ita ce hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa, saboda haka duk wanda ya kawo shaidu shi ke da kaya. Idan babu shaidu, Malikawa suna duba abin da aka saba: abin da aka san na mata ne kaɗai, kamar kayan adonsu da suturarsu, na matar ne tare da rantsuwarta, abin da yake na maza ko wanda kowa ke amfani da shi, na mijin ne tare da rantsuwarsa. Hanafawa suna kusa da haka. Hanbalawa sun raba abin da ya dace da kowa gida biyu. Shafi'awa kuwa ba su duba dacewar ba, suka ce kowa ya rantse a raba, tunda kayan na hannunsu su biyu.

A lura da inda wannan ke ciwo. Kayan da ake kwashewa don biyan bashi, irin firij, janareto, talabijin da kujerun falo, duk suna cikin rukunin abin da kowa ke amfani da shi. A ra'ayin Malikawa ke nan, in matar ba ta da shaida, sun faɗa ɓangaren miji, daga nan kuma hannun masu binsa. Tsohon fiƙihu da dokar Jamus da aka ambata a tambaya ta 2 sun zo sun haɗu a wuri guda, ko da yake kowanne da hanyar da ya biyo.

9. Kayan da muka haɗa kuɗi muka saya fa?

Rabonsa ana iya kamawa, rabonki ba a iyawa, amma ba a raba firij da zarto. Abin da aka fi yi shi ne a sayar da abin a ba ki kasonki daga kuɗin. A Ingila doka ta ce a fara biyan abokin tarayya rabonsa kafin mai bin bashi ya karɓi komai. A Faransa, ko ma'auratan da suka zaɓi raba dukiya, abin da babu wanda ya iya tabbatar da nasa ne shi kaɗai ana ɗaukarsa na su biyu, rabi da rabi.

Matsalar ita ce kuɗin gwanjo ba sa kai ƙimar kaya, kuma ana cire ladan ɗauka da ajiya. Sau da yawa ya fi miki sauƙi ki nemi a yi wa abin ƙima, ki biya rabonsa ga mai bin bashi, ki riƙe kayan, a rubuta cewa daga yau naki ne ke kaɗai.

10. Shi ya saya, amma kyauta ya ba ni. Kuma idan ya mayar da sauran kayan da sunana yanzu, za su tsira?

Kyautar gaskiya da aka yi lokacin da ba a binsa, ko lokacin da abin da ya rage masa ya isa biyan bashinsa, taki ce. Wahalar tana wajen tabbatarwa, domin kyauta tana cika ne da karɓa, kayan da ke falo kuwa suna nan inda suke kafin kyautar da bayanta. Sarƙa ko waya da ke hannunki ke kaɗai ta fi sauƙin karewa a kan talabijin da kowa ke kallo.

Mayar da kaya da sunan mata bayan bashi ya taso kuwa tsohuwar dabara ce, maganinta ma tsoho ne. Dokar Rumawa ta san ta, Ingila ta yi mata doka tun 1571, fiƙihun Malikiyya kuma ya bai wa masu bin bashi damar hana kyautar wanda bashi ya cinye dukiyarsa. Alamomin da alƙali ke dubawa sanannu ne: an bai wa na jiki, an yi a ɓoye, an yi bayan an shigar da ƙara, babu kuɗin da aka biya, kuma mai bayarwa ya ci gaba da amfani da kayan kamar da. Kotu tana warware irin wannan ciniki, kuma daga nan sai a fara kallon sauran iƙirarinki da ido na zargi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za a rubuta wa ke da me, a rubuta tun ana zaman lafiya.

11. Na taɓa sa masa hannu a wata takarda ta banki. Wannan ya canza wani abu?

Ya danganta da matsayin da kika sa hannun. In a matsayin shaida ne, ba a bin ki komai. In a matsayin mai tsaya masa ne ko abokiyar cin bashi, to bashin naki ne kamar yadda yake nasa, kuma maganar tambaya ta 5 ba za ta amfane ki ba, domin ke ba baƙuwa ba ce a shari'ar. Ki nemo kwafin takardar ki kai wa lauya. Idan an matsa miki ne ko an ɓoye miki abin da ke ciki, akwai kariya a wasu dokoki. Babbar kotun Birtaniya ta yanke a 2001 cewa banki da ke karɓar lamunin mace kan bashin mijinta sai ya tabbata ta sami shawarar lauya ita kaɗai.

Akwai kuma bashin hidimar gida. A Faransa, sashe na 220 na kundin dokokin farar hula ya ɗora wa ma'aurata biyu bashin da ɗayansu ya ci don tafiyar da gida ko tarbiyyar yara, ban da kashe kuɗin da ya wuce kima a fili. Jamus tana da makamancin haka. A fiƙihu abin ya karkata gefe ɗaya: ciyarwa, tufatarwa da muhalli wajibin miji ne, don haka bashinsu ba ya komawa kan matar.

12. Akwai kayan da ba a taɓawa ko da nasa ne?

Akwai. Kusan kowace doka ta keɓe tufafi, shimfiɗa da kayan sana'ar da mutum ke ci da su. Dokar Ingila ta 2013 ta lissafa har da abin girki, firij, injin wanki, teburi da kujerun da za su ishi mutanen gidan, da kayan aiki har ƙimar fam 1,350. Wasu dokokin an bar su da adadin da aka sa tun zamanin da: ta Nijeriya har yanzu naira 10 take ambata. Malaman fiƙihu ma sun ce a bar wa wanda ya karye abin da zai ci da iyalinsa da suturarsu. Wannan hujja daban take da ta mallaka, kuma ana iya gabatar da su tare: wannan nawa ne, wancan kuma ko nasa ne doka ta hana a ɗauka.

13. Kayan yara, na baƙi, da waɗanda ba a gama biya ba?

Kowa da nasa iƙirarin. Ɗa ko 'yar da suka girma, surukar da ke zaune a gidan, abokiyar zama in akwai, mai gidan haya da ya zuba kayansa, duk hanyar tambaya ta 5 za su bi, kowa da sunansa. Ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ko waliyyinsa ke tsaya masa. Abin da aka karɓa bisa yarjejeniyar haya da biya kaɗan-kaɗan yana nan a matsayin na kamfanin har a biya kashin ƙarshe, sai a sanar da kamfanin nan take, shi ma yana da lauyoyinsa.

14. Mun rabu, ko ya bar gidan. Za a iya zuwa wurina?

Zaton da aka yi bayani a tambaya ta 2 ya dogara ne a kan zama tare. Dokar Jamus ta faɗa a sarari cewa ba ya aiki idan ma'aurata sun raba zama, kayan kuma suna hannun wanda ba a bi. Ki tanadi abin da ke nuna ba ya gidan: takardar saki, yarjejeniyar haya da sunanki, takardun wuta da ruwa. Ki aika wa ofishin zartar da hukunci tun kafin su zo. Kayansa da ya bari a wurinki dai nasa ne har yanzu, ana iya ɗauka.

15. An yi gwanjon kafin in kai ƙorafi. Akwai sauran abin yi?

Kayan da kansu da wuya su dawo, domin dokoki da yawa suna kare wanda ya saya a gwanjon kotu da zuciya ɗaya. Abin da ya rage shi ne kuɗin. Idan ba a riga an miƙa wa mai bin bashi ba, ki rubuta a riƙe su har a saurare ki. Idan an miƙa, ana iya binsa ya dawo da su, tunda an biya shi da dukiyar wadda ba ya bi. Idan kuma kin sanar a rubuce aka yi biris aka sayar, to akwai maganar diyya a kan wanda ya yi sakacin, kuma a nan ne kwafin jerin kaya da hoton takardar da aka ambata a tambaya ta 4 suke aiki.

Shi ma mijin kina bin sa. An biya bashinsa da kayanki, ƙimarsu ta zama bashi a kansa, ko kuna tare ko kun rabu, kuma in ya rasu ana fitar da ita daga dukiyarsa kafin a raba gado. Ki sa a rubuta adadin da ranar, shi da shaidu biyu su sa hannu.